Tsibirin Rake da Lissafin Ricardo

A shekarun 1980 wani ɗan tsibiri a Tekun Indiya, inda ba a kiwon tumakin ulu kuma ba a san tsananin sanyi ba, ya shiga sahun manyan masu sayar wa duniya rigunan sanyi na ulu. Ulun daga waje yake zuwa, injunan saƙa ma daga waje, masu sayen kuwa suna can Faransa da Ingila da Jamus. Tsibirin shi ne Moris, wanda taswirorin Turanci ke rubutawa Mauritius. Yana kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba. Shekaru ashirin kafin haka, in aka cire sukari, kusan babu abin da jirgin ruwa yake ɗauka daga tashar Port Louis.

Masana tattalin arziki suna da wani tsohon ra'i da suke bayyana cinikin ƙasa da ƙasa da shi, wanda za mu kira fifikon kwatance. Tarihin Moris wuri ne mai kyau na gwada shi, domin ƙasar ƙarama ce, ba ta da ma'adinai, kuma ta sauya abin da take sayarwa fiye da sau ɗaya a cikin rayuwar mutum guda.

Lissafin kansa

A 1817 David Ricardo, wani attajirin dillalin hannun jari na Landan, ya wallafa littafinsa a kan ƙa'idojin tattalin arziki da haraji. A cikinsa ya kawo misalin Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giyar inabi. Ingila tana bukatar aikin mutum 100 na shekara guda don ta samar da wani adadi na yadi, da mutum 120 don wani adadi na giya. Fotugal kuwa mutum 90 sun ishe ta yadin, 80 sun ishe ta giyar. Ke nan Fotugal ta fi Ingila a duka biyun, har mutum ya yi zaton ba ta da abin nema a wurinta.

Amma a yi lissafi. In kowace ta yi abinta, za a sami yadi biyu da giya biyu. In Fotugal ta tura mutanenta 170 duka gonar inabi, za ta sami giya biyu da ɗoriya. In Ingila ta zaunar da nata 220 a masaƙa, ita ma za ta sami yadi biyu da ɗoriya. Hannuwa ba su ƙaru ba, kaya sun ƙaru, kuma in aka yi musaya kowace za ta tashi da fiye da abin da take da shi a da. Kamar gwanin ɗinki ne wanda ya fi yaronsa iya aska takwas, ya kuma fi shi saurin sa maɓalli. Duk sa'ar da ya ɓata a kan maɓalli, ya yi asarar aikin wuyan riga mai tsada, don haka gara ya bar wa yaro maɓallin. Abin da ake aunawa shi ne abin da mutum ya bari don ya yi wani abu.

Ga ƙaramar ƙasa wannan lissafi ya fi nauyi. Ba ta da girman da za ta motsa farashin duniya, abin da ta tarar a kasuwa shi za ta karɓa. Kasuwarta ta cikin gida ba ta isa ta ɗauki masana'antar mota ko ta ƙarfe ba, dole ta taƙaita ga 'yan kaya kaɗan ta sayi saura. John Stuart Mill ya lura cewa manyan ƙasashe masu arziki su ne suka fi samun ƙaramar riba daga cinikin waje, wato rabon ƙaramar ƙasa ya fi tsoka. Haɗarinta ma ya fi tsoka, domin duk abin da ya sami wannan kaya guda ya sami kowa a ƙasar.

Akwai wani abu da Ricardo bai sa cikin lissafinsa ba. Cinikin yadi da giya tsakanin ƙasashen nan biyu yana da takarda a bayansa, Yarjejeniyar Methuen ta 1703, wadda Fotugal ta buɗe wa yadin ulu na Ingila ƙofa, Ingila kuma ta rage wa giyar Fotugal kashi ɗaya cikin uku na harajin da take ɗora wa ta Faransa. Mai karatu ya riƙe wannan, zai sake cin karo da irinsa a kowane mataki na labarin Moris.

Yadda rake ya cinye tsibirin

Babu mutanen da suke zaune a Moris kafin zuwan Turawa. Mutanen Holan suka kafa zango a 1638, suka kawo rake daga tsibirin Java, suka gaji suka tafi a 1710. Faransawa suka karɓa a 1715. A hannunsu tsibirin ya zama tashar jiragen ruwa a kan hanyar Indiya da matattarar fatake, an kuma gwada noman auduga da baba da kanumfari da kofi ta hanyar aikin bayin da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik. Rake ɗaya ne kawai daga cikin amfanin gona. Yana da wata baiwa ta gaske, ita ce jure guguwar teku da take karya itatuwan kanumfari da kofi, ƙasar tsibirin kuma ta dutsen aman wuta ce mai karɓarsa. Duk da haka, kusan shekara ɗari na mulkin Faransa bai mai da Moris tsibirin sukari ba.

Abin da ya mai da ita haka doka ce da aka yi a Landan. Birtaniya ta ƙwace tsibirin a 1810. A lokacin sukarin Moris yana biyan harajin shiga Ingila fiye da na tsibiran Karibiyan. A 1825 majalisar Birtaniya ta daidaita harajin. Nan da nan masu gonaki suka tumɓuke abin da suke shukawa suka sare daji, kafin 1860 abin da ake samarwa a shekara ya haye tan 100,000, injunan matsar rake kuma sun wuce 250.

Rake yana cin hannu. Da aka haramta bauta a tsibirin a 1835, gwamnatin Birtaniya ta biya masu bayi diyyar sama da fam miliyan 2 a kan bayi fiye da 60,000, su bayin kuwa ba a ba su ko anini ba. Yawancin 'yantattun suka juya wa gonakin baya. Sai aka koma Indiya ana ɗibar 'yan ƙwadago a kan kwantiragin shekaru. Daga 1834 zuwa farkon ƙarni na 20, kusan mutum rabin miliyan aka sauke a tsibirin, akasarinsu ta matakalar dutsen da ake kira Aapravasi Ghat a Port Louis. Jikokinsu su ne mafi rinjaye a ƙasar yau.

In wani ya zo Moris a 1900 da littafin Ricardo a hannu, zai ce ra'in ya tabbata. Ga ƙasa da ta taƙaita ga abin da ya fi mata arha, tana sayar da sukari tana sayen shinkafa da fulawa da yadi. Ba zai yi ƙarya ba. Sai dai arhar nan an gina ta ne da abubuwa uku: ƙasa da iska da Allah ya ba tsibirin, haraji da wata majalisa ta sauke, da mutanen da aka ɗebo a jirage aka biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Biyu daga cikin ukun aikin mutum ne.

Farashin taƙaituwa kuma bai daɗe bai bayyana ba. Buɗe mashigin Suez a 1869 ya kawar da jiragen Indiya daga hanyar tsibirin. Sukarin gwoza da gwamnatocin Turai suke tallafawa ya karya farashi a ƙarshen ƙarni na 19. A Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar shinkafa daga Asiya ta katse, sai da hukuma ta tilasta wa masu gonaki su ware wani yanki su shuka masara da rogo da dankali, domin ba a cin sukari a ƙoshi.

Gargaɗin Meade

Bayan yaƙin aka ci ƙarfin zazzaɓin cizon sauro, mutuwar yara ta ragu, yawan jama'a ya riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 3 cikin ɗari a shekara. Ƙasar noma kuwa ta ƙare, duk inda rake zai fita an riga an shuka shi. A 1960 guguwar Carol ta yi wa amfanin shekarar mummunar ɓarna. A wannan yanayi ne James Meade na Jami'ar Kambirij, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1977 saboda aikinsa a kan cinikin ƙasa da ƙasa, ya jagoranci binciken da aka wallafa a 1961. Ya tarar da ƙasa da sukari ya wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da take fitarwa, ya kuma yi gargaɗin cewa in ba a rage saurin haihuwa aka samo sababbin sana'o'i ba, talauci zai ƙaru, kuma a al'umma mai kabilu da addinai daban-daban hakan na iya kaiwa ga tashin hankali. Bai yi nisa da gaskiya ba. A Janairun 1968 aka yi rikicin kabilanci a Port Louis, makonni kaɗan kafin ƙasar ta sami 'yanci a ranar 12 ga Maris ƙarƙashin Seewoosagur Ramgoolam. Marasa aikin yi sun kusa kashi 20 cikin ɗari.

A idon masanin ciniki, waɗannan marasa aiki alama ce ta cewa fifikon ƙasar ya fara motsawa. Masanan Suwidin biyu, Eli Heckscher da Bertil Ohlin, sun faɗaɗa ra'in Ricardo da cewa ƙasa takan fi arha a kayan da suke cin abin da take da shi a yalwace. Moris ta 1830 tana da ƙasa ba ta da hannu. Moris ta 1970 tana da hannu ba ta da ƙasa. Bisa ra'in, ya kamata ta koma sana'ar da take cin ma'aikata, irin su ɗinki da saƙa. Matsalar ita ce babu mai kafa masana'antar ɗinki a tsibirin da yake nesa da kowace kasuwa, inda zare da inji suke biyan kwastan mai tsada, albashi kuma yake bin na gonakin rake.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

A 1970 gwamnati ta yi dokar yankin sarrafa kaya don fitarwa, shawarar da Farfesa Edouard Lim Fat na Jami'ar Moris ya yi ta turawa bayan ya ga irinta a Taiwan. Ba a killace wani fili ba, kowace masana'anta a ko'ina cikin tsibirin tana iya samun takardar, muddin waje za ta sayar. Mai takardar yana shigo da zare da inji ba kwastan, ana ɗage masa haraji na shekaru, dokokin ƙwadagonsa sun fi sassauci, mafi ƙarancin albashin mata kuma ya gaza na maza. Mata ne suka cika masana'antun. Sauran tattalin arzikin ƙasar aka bar shi a bayan katangar harajinsa yadda yake.

Jari kuma daga rake ya fito. Tun 1951 Birtaniya take sayen sukarin Moris a ƙayyadadden farashi. Da ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, aka sa wannan alkawari cikin Yarjejeniyar Lome ta 1975, wadda ta ba wasu ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik kaso na sukari a farashin da ake biyan manoman Turai. Moris ta sami kaso mafi girma, kimanin tan 500,000 a shekara. A lokacin farashin kasuwar duniya yana sama ƙwarai, wasu suna ganin ɗaure kai da yarjejeniya wauta ce. Bai daɗe ba ya faɗi, farashin Turai ya zauna a samansa nesa shekara da shekaru. Arvind Subramanian da Devesh Roy na Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun ƙiyasta a 2001 cewa wannan rara ta kai kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukan abin da ƙasar take samarwa a kowace shekara. Gwamnati ta yanki nata ta hanyar harajin fitar da sukari, wanda ya fi nauyi a kan manyan gonaki, a 1977 kuma karatun sakandare ya zama kyauta. Iyalan masu gonakin suka zuba nasu a masaƙu da otal-otal na bakin teku. Kamfanin Floreal Knitwear, ɗaya daga cikin manyan masu saƙa rigunan sanyi, yana cikin rukunin da asalinsa gonar rake ce.

Kasuwa ma takarda ce ta kawo ta. Yarjejeniyar Lome ta bar tufafin Moris su shiga Turai ba haraji, da sharaɗin a yi musu aiki mai yawa a ƙasar, daga zare zuwa riga. Rigar sanyi ana saƙa ta kai tsaye daga zare, don haka ta cika sharaɗin cikin sauƙi. Ga asirin tsibirin ulu marar tumaki. A gefe guda, tun 1974 Amurka da Turai suka ƙayyade yawan tufafin da manyan masu ɗinki na Asiya za su shigar musu. Masu masana'antun Hong Kong, da kasonsu ya cika kuma suke fargabar komawar birninsu hannun Sin a 1997, suka shiga neman wurin da yake da ƙofa a buɗe. A Moris suka tarar da al'ummar Sinawa 'yan ƙasa da za su yi hulɗa da su, ga ma'aikata masu karatu, ga kotuna masu aiki.

Hanyar ba ta miƙe ba. Bayan faɗuwar farashin sukari ƙasar ta shiga bashi, aka karya darajar rufi a 1979 da 1981 a ƙarƙashin shirin Asusun Lamuni. A 1982 'yan adawa suka lashe dukan kujeru 60 na tsibirin, gwamnati ta sauka lafiya, sabuwar ta Anerood Jugnauth ta ci gaba da shirin. Daga nan masana'antun suka bunƙasa. Ma'aikatansu sun tashi daga kimanin 20,000 a farkon shekarun 1980 zuwa kusan 90,000 a ƙarshensu, kuma a tsakiyar shekarun kayan masana'anta suka zarce sukari a kuɗin fitarwa. Rashin aiki ya kusa ƙarewa, har aka fara ɗauko ma'aikata daga Sin da Indiya.

Zanen aro

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin ƙayyade tufafin Asiya ya ƙare, Sin da Bangaladash suka shigo kasuwa da ƙarfinsu, da yawa daga kamfanonin Hong Kong suka kwashe injunansu, dubban ma'aikata suka koma gida. A daidai lokacin Brazil da Ostareliya da Tailan suka yi nasara a ƙarar da suka kai Tarayyar Turai gaban Hukumar Ciniki ta Duniya, Turai ta zabtare farashin sukari da kashi 36 cikin ɗari, tsohuwar yarjejeniyar kuma ta mutu a 2009. Yau injunan matsar rake uku ne suka rage a tsibirin, suna yin sukari mai daraja suna kuma ƙona ɓawon rake don samar da lantarki.

Abin da ya hana ƙasar durƙushewa shi ne kafin a karɓe zanen ta riga ta saƙa wani. Albashi ya tashi tun shekarun 1990, wato arhar hannu ta ƙare, kamfanonin Moris da kansu suka kai ƙananan ayyukan ɗinki Madagaska. 'Ya'yan matan da suka yi aikin masaƙa sun yi sakandare, suna jin Faransanci da Ingilishi, sun zama akantoci da lauyoyi da ma'aikatan otal. Masu yawon buɗe ido sun wuce miliyan 1.3 a 2019, fiye da yawan mutanen ƙasar. Sashen hada-hadar kuɗi na ƙasa da ƙasa da aka kafa wa doka a 1992 ya tsaya ne a kan wata takardar, yarjejeniyar haraji da Indiya ta 1982, wadda ta mai da tsibirin babbar hanyar shigar jarin waje Indiya. Wannan ma aro ne, kuma yana da waɗanda suke biyan kuɗinsa. Indiya ta sa an gyara yarjejeniyar a 2016, Senegal da Zambiya kuwa sun soke nasu bisa ƙorafin cewa harajinsu yana zurarewa ta Port Louis.

Abin da tarihin ya nuna

A kowane zamani Moris ta sayar da abin da ya fi mata arha in an kwatanta da saura: sukari lokacin da take da ƙasa, riguna lokacin da take da hannu, hidima lokacin da take da ilimi.  Har nan Ricardo yana da gaskiya, kuma duk ƙaramar ƙasar da ta yi watsi da lissafinsa takan ƙare da masana'antun da baitulmali ke ciyarwa.

Sai dai lissafin yana ɗaukar tsadar kaya yadda ya tarar da ita a ranar. Ba ya faɗin inda ta samo asali, ba ya alkawarin za ta dore. A Moris, harajin 1825, jiragen Indiya, takardar Lome da dokar 1970 su ne suka rubuta alƙaluman da aka yi lissafin da su. Da shugabanninta na 1968 sun ɗauki ra'in da ma'anar cewa rake shi ne rabonsu har abada, da gargaɗin Meade ya tabbata.

Gatan kasuwa shi kaɗai ma bai isa bayani ba. Fiji da Guyana da Jamaika duk sun sami kason sukari a Lome, ba su mai da shi abin da Moris ta mai da nata ba. Bambancin yana inda rarar ta tafi: makarantu, masaƙu, otal-otal, da ma'aikatan gwamnati masu iya zama a teburin yarjejeniya a Brussels. Yana kuma cikin siyasar da ta sa masu jari suka yarda su zuba kuɗinsu a gida, talakawa suka yarda su jira, tunda kowa yana da ƙuri'ar da take iya sauke gwamnati.

Ƙanƙantar kuwa tana nan. A Yulin 2020 Bankin Duniya ya sa Moris cikin ƙasashe masu babban kuɗin shiga. A wannan shekarar annobar korona ta tsayar da jirage, otal-otal suka rufe, tattalin arzikin ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, shekara mai zuwa aka mai da ita rukunin da ta fito. Har yanzu tana shigo da mafi yawan abincinta da dukan man fetur ɗinta, kuma abin da za ta biya kuɗinsu da shi nan da shekaru ashirin ya danganta da abin da take yi da ribar yau.